Azara Huɗu a Zauren Baba

Kwanakin baya samarin garinmu suka turo mini wani dogon rubutu a waya, wai tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu. Ina zaune a bakin sito ana auna riɗi, na sa tabarau na karanta shi daga farko har ƙarshe. An ce Ciyaman ne uban ƙungiyar, an ce rashin tallafin gwamnati ne ya kashe ta. Na ajiye wayar na ci gaba da duba awo. Gwamnati ba ta san muna yi ba, balle ta san mun daina. Ciyaman kuwa, ranar da aka fara buga ƙwallo a garin nan yana birni yana koyon zama a kujera mai juyawa.

Ni ne golan farko na ƙungiyar, kuma a motata aka ɗauko simintin da ya binne ta. In ana neman wanda ya ga farko ya ga ƙarshe, ban ga wanda zai sha gabana ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kazaure da Babura, an ɗan saki titi. Firamaren garin tana da rijiya a tsakiyar harabarta, ba wurin gudu. Duk sauran inda ido ya kai gona ce. Da muka tasa muka ga ba mu da wurin wasa sai mun roƙi gonar wani, kuma wadda ta dace guda ɗaya ce, shimfiɗaɗɗiya a bayan gari, ba tudu ba kwari. Mai ita wani dattijo ne da duk garin ke kira Baba. Kyaftin ɗinmu mai faci ne, abokina tun muna yawo ba wando, shi ya shige gaba muka je muka durƙusa a zauren Baba bayan an kwashe amfani.

Baba ya saurare mu yana gyaran ƙotar fartanya. Da mai faci ya gama ya ce, "Wannan wasan, in an gama me ake samu?"

Mai faci ya ce, "Motsa jini ne, Baba."

"Wanda ya yi noma damina guda, jininsa bai motsa ba?"

Muka sunkuyar da kai. Ya ce bari ya yi shawara. Da wa zai yi, ba mu sani ba, tunda gonar tasa ce shi kaɗai. Washegari ya aiko cewa ya ba mu aro, daga kaka zuwa ruwan shuka.

Muka baje kunyoyin da fartanya, muka ja gungume a kai, muka sari rassan ceɗiya ɗanyu guda huɗu muka kafa, muka ɗaura igiya a sama. Muka yi rani guda muna wasa. Da ruwa ya sauka kowa ya kama gonar gidansu, ba wanda ya tuna da rassan. Damina ta yi tsakiya aka ce Baba na nemanmu a gona. Muka tarar da shi tsaye cikin gero, a gaban turakunmu biyu na gabas. Sun yi ganye shar, har sun fara inuwa.

Ya ce, "Wa ya dasa mini itace a gona?"

Na ce, "Baba, ba itace ba ne, turken raga ne."

"Turke ne yake ganye, Gola?"

Bai yi faɗa ba. Ya zaunar da mu a kan kunya ya yi mana karatun da ya fi duk wanda na yi a aji. Ya ce wanda aka ara wa gona yana shuka abin da zai girbe ya tafi. Ba ya dasa itace, ba ya gini, ba ya haƙa rijiya. In ya dasa aka yi shiru, wata rana jikansa zai dafa itacen ya ce kakana ya dasa wannan, alƙali kuwa itace yake gani, bai ji abin da aka faɗa a zaure ba. Ya ce shi ya san mu, ya san iyayenmu, amma bai san wanda zai zo bayanmu ba.

Muka tumɓuke ceɗiyoyin da saiwarsu. Da kaka ta zo, Baba ya fito da azara huɗu da suka rage masa daga rufin ɗaki, baƙaƙe, masu nauyi, gara ba ta cin su, kuma ko shekara goma suka yi a ƙasa ba za su tsira ba. Ya ce da waɗannan za mu yi wasa. Ranar da aka yi ruwan shuka mu cire su, mu ɗauko a kafaɗa mu kawo masa zaure. In an kwashe amfani mu dawo mu sake roƙo.

Wannan ita ce dokar ƙungiyarmu gaba ɗaya. Ba a rubuta ta ba, kuma ta fi shekara ashirin ba a karya ta ba. Da safen ruwan shuka, kafin kowa ya tafi gonarsa, za ka ga samari takwas, bibbiyu, sun ratso gari da azara a kafaɗa, mata na leƙe ta saman katanga suna tsokanarsu. Baba zai fito ya duba kowace, ya ƙwanƙwasa, ya ce a jingina. Da kaka kuma mu koma mu durƙusa, mai faci ya maimaita roƙon nan kamar bai taɓa yi ba, Baba ya ce bari ya yi shawara, washegari ya aiko. Ba shekarar da ya amsa a take, ba kuma shekarar da ya hana.

A shekara ta uku ya daina shuka gero a gonar, ya koma gyaɗa. Bai faɗa wa kowa dalili ba. Mu da muke wasa ba takalmi mun sani: tushen gero yana yanka ƙafa kamar aska, gyaɗa kuwa in an cire ta ƙasa tana kwanciya da laushi. Na taɓa yi masa godiya a kan haka, ya ce ƙasar ce ta gaji da gero.

Ba zan yi ƙarya in ce mun yi fice ba. Kofi ɗaya muka taɓa ci, shi ma don waɗanda za mu kara da su a wasan ƙarshe motarsu ta lalace a hanyar Roni. Amma a gida ba a cika cin mu ba. Duk yadda aka baje kunya, tabonta na nan a ƙarƙashi, ƙwallo in ta faɗi sai ta yi tsalle ta bi inda ta ga dama. Mu mun san inda za ta bi. 'Yan cikin Kazaure su zo da takalma masu ƙusa da jesi iri ɗaya, suna ce mana manoman ƙwallo, su koma suna zagin fili. Mun je Gwiwa a bayan a-kori-kura, mun je Kanya Babba, mun taɓa zuwa Babura muka tarar rabin 'yan wasansu daga ƙetaren iyaka aka ɗebo su. Azarar yamma ta hannun dama tana da wani tsagi inda goshina ya same ta ranar da na tare bugun fenariti. Tabon yana nan a goshina, tsagin yana nan a jikinta.

Shekaru suka ja. Na bar raga na kama awo a kasuwa, daga tiya zuwa buhu, daga buhu zuwa mota. Ƙannenmu suka gaje mu, daga baya 'ya'yanmu. Mai faci ya zama koci. Ni dai duk inda nake, in hadarin shuka ya haɗu ina komawa gida, don ban yarda a ɗauki azara ba ni ba.

Sai ga Ciyaman. Ɗan garinmu ne, sa'ana ne, amma bai taɓa taka ƙwallo ba, ko ta tsumma. Ya yi aikin ofis a birni har ya yi ritaya, ya dawo da tumbi da jaka da tabarau biyu, ya duba garin ya rasa abin da zai shugabanta. Masallaci da limaminsa, gari da mai garinsa, kasuwa da sarkinta. Ƙungiyar ƙwallo ce kawai ba ta da mai kujera. Ya tara samari ya ce musu abin kunya ne ƙungiya mai tarihi ta zauna ba tsari. Cikin wata guda aka yi kundin dokoki, aka sassaƙa hatimi, aka buga takarda mai tambari a sama. Aka naɗa sakatare da mataimakinsa, da mai hulɗa da jama'a, da mai ba da shawara kan harkokin waje, a ƙungiyar da iyakar wajenta Babura. Masu muƙami suka fi 'yan wasa yawa. Ni ma an ba ni wani suna mai tsawo, ban riƙe shi ba. Ana zama duk Asabar, a karanta abin da aka faɗa Asabar ɗin da ta wuce, a amince cewa an faɗa, a tashi.

Ya ga ɗaukar azara sau ɗaya. Ya tsaya a gindin darbejiya ya harɗe hannu a baya yana kallo, ya ce wannan ƙauyanci ne, ƙungiyar da take yawo da ragarta a kafaɗa ba za ta taɓa ci gaba ba. Rani na zagayowa ya kawo maganar turakun ƙarfe, irin na filin birni, a kafa su da kankare, a yi fenti, a gayyato babban baƙo ya buɗe.

A zaman na ce, "Yallaɓai, gonar nan aro ce."

Ya ce, "Alhaji, mun sani. Za mu rubuta wa Baba takarda."

"Baba ba ya karatun boko, kuma idonsa ya tafi."

"Za a karanta masa. Sakatare, rubuta, an ji ra'ayin Alhaji."

Aka rubuta an ji ra'ayina. Ni a sana'ata magana ɗaya nake yi, in mai saye bai ɗauka ba in juya ga na gaba. Ban sake cewa kome ba. Da suka roƙi motata ma ban hana ba. Na ce a raina bari su je su gani.

Mai waldan da ya haɗa ƙarafan a Kazaure mutumin kudu ne, ya daɗe a nan, Hausarsa ta nuna. Ya biyo mu don ya ga an kafa daidai. Da muka sauke kaya ya dubi ƙasa, ya ga ɓawon gyaɗa, ya taka tabon kunya da ƙafarsa, ya dubi Ciyaman ya ce, "Oga, wannan wuri gona ne fa. Naku ne?" Ciyaman ya ce masa ya yi aikin da aka kira shi. Mutumin da aka haifa a inda ba a san azara ba ya gane a kallo ɗaya abin da ɗan gari mai tabarau biyu ya kasa gani.

Aka haƙa ramuka har gwiwa, aka zuba kankare, aka shafa farin fenti. Azarorin aka yar a gefen gona. Takardar da aka ce za a kai wa Baba tana jakar sakatare tana jiran hatimi, hatimin yana gidan Ciyaman, Ciyaman ya tafi neman babban baƙo. Baƙon ya ɗaga rana sau biyu. Kafin ta uku ruwan shuka ya sauka.

Da safen, ni da mai faci da wasu samari muka tsinto azarorin daga cikin laka muka kai zaure. Baba ya tsufa ƙwarai a lokacin, sai an riƙe masa hannu. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya murza ƙasar da ke jikinsu a yatsa.

Ya ce, "Waɗannan ba daga rami suka fito ba. A kwance suka yi rani."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Gola, an ce an yi mini gini a gona."

Na ce, "Ƙarfe ne aka kafa, Baba. Ka ba ni izini in kawo leburorina da diga, kafin azahar ba za ka ji ko ɗuriyarsa ba."

"Kai ka kafa?"

"Ni na ɗauko dai."

"Wanda ya kafa shi zai cire. Ya ɗauko a kafaɗarsa ya kawo nan, kamar yadda kuke yi. Ba ƙarfen ne ya dame ni ba, ina so in ji da bakinsa ya san gonar ta wa ce. Zan jira har Juma'a, sannan in shuka."

Sharaɗi ne mai sauƙi. Kwana huɗu, diga biyu, da mutum ɗaya da zai cire babbar riga na rabin sa'a. A nan ne nawa laifin yake, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara da shekaru ina shiga tsakanin mai kaya da mai saye. Na san ba a ƙure mutum a gaban jama'a. Jan shi ake yi gefe, a ba shi hanyar da zai sauko ba tare da hularsa ta faɗi ba. Da a ce na sami Ciyaman a gida bayan la'asar na ce, Yallaɓai, zo mu riƙa ƙarfen nan tare, a ce girmama dattijo ka yi, har hoto a ɗauka, da ya yi, don hoto ba abin da ba zai ɗauka ba. Mai faci ma abin da ya ce in yi ke nan. Amma na daɗe ina jiran ranar da zan ga mutumin nan ya sunkuya, ban so ta wuce a ɓoye ba. Na same shi a majalisar bakin titi, cike da mutane, na faɗa masa da ƙarfi yadda mai shayi ma zai ji.

Na ce, "Yallaɓai, Baba ya ce ka tone ƙarfenka ka ɗauko a kafaɗa ka kai masa zaure kafin Juma'a. Kai da kanka. In babu gammo zan ara maka."

Aka yi dariya. Na ga wuyansa ya kumbura, na san ciniki ya mutu. Ya ce shi ba ɗan dako ba ne, kuma kwamiti zai duba lamarin.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba ya kafa ƙaramin kwamiti. Ranar Alhamis suka tafi zauren Baba su biyar, da manyan riguna da takarda mai tambari. Na bi su na zauna a bakin ƙofa. Sakatare ya karanta, Ciyaman ya yi bayani. Ya ce ƙungiya ta yanke shawarar naɗa Baba babban uba na har abada, kuma za a sa wa filin sunansa, a rubuta a allo.

Baba ya ce, "Wane fili?"

"Filin wasan, Baba."

"Gonata? Ai da ma sunana take amsawa."

Ciyaman ya yi maganar ci gaba, ya yi maganar matasa, ya ce ƙarfen nan ado ne ga gari. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar ya ce, "Ɗan nan, na san mahaifinka. Ya taɓa aron jakina ya kai kaya kasuwa. Da ya dawo da shi har da harawa ya haɗo. Ƙarfen ya taho?"

Ciyaman ya ce za a duba. Suka yi sallama suka fita.

Ranar Juma'a da safe 'ya'yan Baba suka shuka gonar. Gero suka shuka. Da na ji haka na san an gama, amma duk da haka da kaka ta zo muka je muka durƙusa, ni da mai faci, da furfurarmu. Mai faci ya yi roƙon nan da ya yi fiye da sau ashirin. Na zuba kunne in ji an ce bari a yi shawara. Baba ya tambayi lafiyar iyalinmu, ya tambaye ni yadda riɗi ya yi bana, ya sa aka kawo mana ruwa. Da muka fito muka bi ta bayan gari. A tsakiyar gonar, daidai inda ake ajiye ƙwallo a fara wasa, an dasa mangwaro an kewaye shi da ƙaya.

Samarin sun gwada harabar firamare, ƙwallo ta faɗa rijiya sau uku suka haƙura. Masu ƙafa a cikinsu suka koma bugawa ƙauyukan maƙwabta. Mun nemi wata gonar, amma labari ya riga mu zuwa, ba mai ara wa mutanen da ke zuwa da siminti. Kwamiti dai bai mutu ba. Har yau yana zama, an ce ma an ƙara muƙamai. Ƙarafan suna nan tsaye cikin gona, fentin ya zube, matan gidan Baba suna sa duma ya hau su, kuma yana yi sosai.

Baba ya rasu bayan damina biyu. Ranar sadakar uku ina zaune a zaurensa, wanda aka sake wa rufi kafin rasuwarsa, na ɗaga kai na ga azara huɗu da suka fi sauran baƙi. Ta biyu daga ƙofa tana da tsagi. Na taɓa goshina. A ƙarƙashinta Ciyaman ne zaune da carbi, yana gaya wa wasu baƙi daga Roni yadda marigayin ya kasance babban uban ƙungiyarsu, da yadda suka yi niyyar sa wa fili sunansa. Mai faci ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "Gola, ba za ka ce kome ba?"

Na ce, "Na riga na faɗi tawa a bakin titi. Ka ga abin da ta saya mana."

Aka shafa fatiha, na fita na duba mangwaron. Ya kai ƙirjina.